Sati biyu na tahi yi Abijan, korona ta tsare ni wata bakwai gidan yayana

Saƙon wannan satin daga Tawa ya hito, wata baiwar Allah ce ta turo shi ta ce kar a faɗi sunanta. Na rage mishi tsawo amma ban canza maganarta ba.

"Salamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce a Tawa, ɗiyana ukku, babban shekara shida lokacin. Farkon watan Maris na 2020 matar yayana ta haihu a Abijan, Inna ba ta iya doguwar tahiya saboda ciwon ƙafa sai aka ce ni in tahi suna a madadinta. Na kwashi yaran da niyyar sati biyu. Ana gama suna da 'yan kwanaki aka ruhe iyakoki. Ciki da falo gare su cikin gidan haya a unguwar Abobo, yayana garba yake saidawa. Sai tsakiyar Oktoba maigidana ya saida bisashe ya haɗa da bashi ya biya muna jirgi muka komo. Ban taɓa faɗa da matar ba, ni na yi mata wankan jego har arba'in, amma tun bayan ƙaramar salla ta daina sakin fuska, har ta taɓa marin yarona dan ya zubar da madarar jaririya, na haɗiye. To watan jiya sai ga wani vokal da ta yi ma ƙanwarta tun muna can ya faɗo gurup ɗin danginmu na WhatsApp. Tana kuka tana cewa mun sauka musu kamar fara, mun cinye jarin mijinta, adashenta da kuɗin barkarta duk sun ƙare a cikinmu, ta koma 'yar aikinmu tana cikin jego. Kowa ya ji. Inna ta rantse sai yayana ya sake ta ko ya yi mata kishiya, alhali jaririyar sunan Inna aka sa mata. Shi kuma ya daina ɗaukar talho, bana ko noma bai zo ba. Maigidana ya ce a tura musu jikka ɗari ukku kuɗin abin da muka ci a huta da gori. Ni ma can zuciyata ta karkata, in biya in yanke hulɗa da ita. Tanti mi kika gani?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah shi sanyaya miki zuciya. Sau ukku na karanta saƙonki kafin in fara amsa, kuma wallahi kalmar nan ta 'fara' ni ma ta sokan, dan na san yadda mace take ji in aka kwatanta ɗiyan cikinta da abin da ke sauka gona ya bar kara tsaye, kuma ba a ɓoye ba, gaban kawunai da gwaggwanni da 'yan yaran da kika goya duk suna saurare a talho. Duk wanda ya ce miki wannan ba komi ba ne bai faɗa miki gaskiya ba. Ciwo ne.

Kuma ki cire ma ranki cewa ke kika jawo. Ba ki tahi cin arziki ba, aiken Inna kika tahi. Ranar 17 ga Maris shugaban ƙasar Nijar na lokacin, Isuhu, ya yi jawabi, daga daren 19 aka ruhe filin jirgin Yamai da na Damagaram da duk iyakokin ƙasa, Kwaddibuwa ta ruhe nata ranar 22, ƙarshen watan kuma aka killace Abijan kanta ba shiga ba hita zuwa sauran garuruwa har tsakiyar Yuli. Ko da kuɗi cike da jikka a hannunki ina za ki bi? Hanyar da kika bi kika zo, Wagadugu, Bobo, Wangolo, Buwake, duk a toshe take. Jirgi bai dawo sauka Yamai ba sai 1 ga Agusta, shi ma sai da takardar gwaji, ga ku mutum huɗu. Masu bin daji a kan moto suna tsallake iyaka da dare sun yi, mun ji labarinsu, amma mace da yara ukku ƙanana na gode Allah da ba ki gwada ba. Mu nan iyakarmu ta ƙasa sai watan Yunin 2021 aka buɗe ta, tasu kuma a lokacin ma tana ruhe. Kuma addini ma abin da ya ce kenan, annoba in ta sauka garin da kake kar ka hita. To ta nan ba ki da laihi ko na ƙwayar gero.

Amma ƙanwata tunda kin tambaye ni abin da na gani, zan faɗa miki ko da ba zai yi daɗi ba. Ke ba ki da laihi, ita ma matar yayanki ba ƙarya ta yi ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma tun watan jiya ɗaya kawai danginku ke dubawa.

Zo mu zauna mu ƙirga. Daga farkon Maris zuwa tsakiyar Oktoba kwana ɗari biyu da ashirin ne ko kusa. Baki huɗu aka ƙara ma tukunyarta. Ko sau biyu kawai ake ci a wuni, kwano dubu ɗaya da ɗari bakwai da wani abu kenan suka hito daga hannunta, ban sa kalaci ba, ban sa sahur da buɗa baki ba tunda azumi gaba ɗaya can ya same ku, da ƙaramar salla da layya. Ga ruwa, kin san gidan haya na Abobo ba irin gidanku na Tawa ba ne mai fili da zaure da inuwar bedi inda yaro zai yi ta gudu har ya gaji, pampo ɗaya ne tsakar gida, makewayi ɗaya ko biyu ana layi da maƙwabta, kuɗin ruwa da na kuran sau da yawa da yawan kawunan ɗaki ake raba su, kuma maƙwabta suna ƙirga baƙin kowa, ita suke ma magana ba yayanki ba dan shi ya hita tun asuba. Ga ruwan saman Abijan na watan Yuni da ba ya ɗaukewa, tsumman jaririya ba ya bushewa, an rataya shi cikin ɗaki saman kanku, yara ukku ba wurin wasa sai tsakanin katifa da ƙofa. Sannan akwai abin da ba a faɗi saboda kunya amma mu mata mun sani, wata bakwai mace ba ta samu ta ruhe ƙofa ita da mijinta su yi ko hira ba.

Shi kuma yayanki dubi sana'arshi. Garba abincin talaka ne, acheke, wato dambun rogo, da soyayyen kihi da tonka da albasa, har sunan ma daga mutanenmu 'yan Nijar masu saida shi ya samo asali. Su wa ke ci? 'Yan lakwal, 'yan kamasho na tasha, leburori, masu tashi daga aiki da dare. An ruhe lakwal, an ruhe wuraren cin abinci, an sa dokar hana hita daga ƙarfe tara na dare zuwa biyar na asuba. Ciniki ya faɗi daidai lokacin da bakin gidanshi ya tashi daga ukku ya koma bakwai. Mai ƙaramin jari irin wannan abin da ya samu yau shi zai sari kihin gobe da shi, in aka ci uwar kuɗin sau ɗaya sau biyu shi kenan tebur ya mutu. Kuma kin san mazanmu na Adar, zai mutu da yunwa bai ce ma ƙanwarshi babu ba. To in shi bai ce babu ba kuma tukunya ba ta kwana a kife ba, daga ina kike jin cefanen ya riƙa hitowa? Daga adashen nan ne, da kuɗin barkar da mata suka zuba mata ranar suna, wanda kowace mai jego take ƙullewa a bakin zane ta ce wannan na ɗiyata ne. Da ta ce sun ƙare a cikinku ba zagi ta ƙirƙiro ba, abin da ya faru ta faɗa da bakin mai kuka.

Bari in ba ki nawa dan kar ki ce daga sama nake magana. Lokacin da aka killace Yamai ƙarshen Maris ɗin nan, baffan maigidana da matarshi suna gidana, sun zo ganin likita daga ƙauye na kwana huɗu. Sai tsakiyar Mayu aka buɗe hanya. Mutum biyu ne kawai, tsohi masu kawaici, ba su taɓa ce min ko kanzil ba, kuma gidana ya hi ɗakin Abobo sau nawa. Amma zahin Afrilu ga azumi ga kuran na ɗaukewa, tsohon ba ya cin shinkafa sai tuwon hatsi kullum da dare, ni ce tsugune bakin murhu bayan la'asar da ƙishirwa ina tuƙi zufa na shiga min ido. Wani dare na koma bayan madafa na kira yayata na yi ta magana ina kuka, na faɗi kalmomin da yau in aka kunna min su gaban dangin mijina ban san inda zan sa kaina ba. Kuma ina son tsohin nan har raina. Ranar da za su koma, an riga an ɗaura kaya, tsohuwar ta jawo ni cikin ɗaki ta kama hannuna biyu ta juya tahin tana duba inda muciya ta yi min kanta, ta ce ɗiyata mun yi miki nauyi mun sani, ina ganinki, Allah shi ba ki masu yi miki. Wallahi ƙanwata nan take duk abin da ya taru min a ƙirji ya sauka, har yau in na tuna ta sai in ji daɗi.

Shi ya sa nake tambayarki, kuma ba ni za ki ba amsa ba, ranar da za ku tahi filin jirgi wa kika yi ma godiya? Na san yadda muke yi. Yaya Allah shi saka, yaya Allah shi ƙara buɗi, maigidanki ya kira ya gode ma yaya, Inna ta sa ma yaya albarka, dangi duk suna cewa wane ya riƙe zumunci. Ita kuma an ce mata sai an jima, a shafa kan jaririya. Ko kin jawo ta gefe ke da ita kin ce na ga abin da kika yi? Bayan kin iso Tawa sau nawa kika kira lambarta ita kanta, ba ta yayanki a ce a gaida madam ba? In kin yi to madalla. In ba ki yi ba, to bashin da ke kanki kenan, kuma jikka ɗari ukku ba ta biyanshi.

Ban manta da wankan jegon da kika yi mata ba, kwana arba'in kina tashi da asuba kina dafa ruwa kina dama kunun kanwa a garin da ba naki ba, ke ma ga naki yaran. Wannan aiki ne da uwa ke yi. Ita ma ya kamata ta faɗe shi cikin vokal ɗin ba ta faɗa ba, mai kuka nashi kawai yake gani. Kuma na san zaman baƙunci na dole ba daɗi gare shi ba, ka ci abinci kana ƙirga loma, yaronka ya ce bai ƙoshi ba ka tsunkule shi a ɓoye, ka ji an aje kwano da ƙarhi gabanka ya faɗi. Ku biyu kun sha wuya cikin ɗaki ɗaya kowace tana haɗiye tata dan kar namijin ya ji.

Sai maganar vokal. Ita ba dangi ta yi ma shi ba, ƙanwarta ta yi ma, uwa ɗaya uba ɗaya, lokacin kuna can, wata da watanni da suka wuce. Inda za ta kai kukanta kenan a garin da ba uwarta ba kowa nata. Ba ta faɗa miki a ido ba, ba ta kai ƙara wurin Inna ba, ba ta ce ma mijinta ko ni ko su ba, ta ci gaba da ɗora tukunya har ranar da kuka tahi. Wanda ya adana wannan muryar ya jira sai da ƙura ta lafa sannan ya jefa ta cikin gurup, shi ne ya yi aikin annamimanci, kuma abin mamaki duk cikin saƙonki ba ki ambace shi ba, ba wanda ya ce a tambaye shi dan mi. Ban ce ki je ki tono ko wane ne ba, wata wutar ce. Amma ki roƙi mai kula da gurup ɗin ya goge shi, ki rubuta da hannunki cewa ke da aka yi maganar a kanki kin yahe, kar wanda ya ƙara turawa. In ke kika faɗi haka bakin kowa ya mutu.

Kuɗin nan kuma kar ku tura su yadda maigidanki ya ce. Na fahimce shi, namiji ne an ce matarshi da ɗiyanshi sun ci arziki, yana so ya wanke sunanshi. Amma kuɗin da aka tura cikin hushi da sunan ga abin da muka ci, yayanki zai karɓe su kamar mari, kun maida gidanshi otal shi kuma mai saida abinci ga ƙanwarshi. Zai iya maido su, in ya maido kuwa an kai inda gyara zai yi wuya. Ban ce kar a taimaka ba, a taimaka mana, mutumin da ko noma bai zo ba bana kin san ba lahiya ba, ɗan Adar ba ya barin damina haka kawai, ko dai babu na mota ko kunyar haɗa ido da Inna, ko duka. Maigidanki ya kira shi su biyu, maganar maza, ya ce na san korona ta taɓa jari ga gudummawata a tada tebur, kar ya ambaci abinci kar ya ambaci vokal. Kuma ba dole sai ɗari ukku ba tunda ku ma da bashin jirgi a kanku, abin da ya sawwaƙa. Ke kuma naki daban, daga hannunki zuwa hannunta, ko jikka ashirin ce ko talatin ki ce wannan na zubin adashenki ne, ki haɗa da turmin zane da cuku da kilishi da yajin jego irin na gida ko da jegon ya wuce, ki ba wani mai komawa.

Wanda ya hi gaggawa duk cikin maganar nan shi ne Inna. Aure ne ake shirin kashewa, da yarinya 'yar shekara ɗaya da 'yan watanni a tsakani, kuma da sunanki za a kashe shi. Inna ba ta je Abijan ba, ba ta ga ɗakin ba, vokal na minti nawa kawai ta ji, ɗiyarta aka taɓa dole ranta ya ɓaci. Ke kaɗai ce shaida. Ki je ki same ta ita ɗaya, ba gaban gwaggwanni masu ƙara gishiri ba, bayan isha'i in gida ya yi shiru, ki zauna ƙasa kusa da ƙafarta ki ba ta labarin tun daga farko. Ki gwada mata girman ɗakin da ɗakinta. Ki faɗa mata wa ya riƙa bin layin pampo, wa ya saida mi, sau nawa matar nan ta zuba ma jikokinta ita ta kwana da ruwan shayi, in kin tuna kin san akwai irin wannan daren. Ki ce Inna malamai sun ce haƙƙin baƙo kwana ukku ne abin da ya wuce nan sadaka ce, yarinyar nan ta yi muna sadakar wata bakwai tana jego, in aka sake ta a kaina ban yahe ma kaina ba. Maganar rantsuwar da ta yi kuma ba abin damuwa ba ne, a tambayi malamin unguwa, rantsuwa tana da kaffara, kuma wanda ya rantse kan abu ya ga wanda ya hi shi alheri an ce ya yi kaffara ya bi alherin. Kishiya in yayanki yana so ya yi dan kanshi wata rana wannan ruwanshi, amma ba a auro mace dan a hukunta wata, ita ma wadda za a kawo ɗiyar wasu ce.

Sannan ki kira ta. Kira, ba vokal ba, kin ga abin da vokal ya yi muku. Ki sa kiredi mai yawa ki zaɓi hantsi lokacin da yayanki yana wurin sana'a. Wataƙila ba za ta ɗauka ba karon farko dan tana jin zagi ne ya biyo, tun watan jiya na tabbata ba ta barci, ta san abin da Inna ta ce. Ki sake kira gobe. In ta ɗauka kar ki fara da na ji abin da kika ce. Ki gaishe ta, ki tambayi takwarar Inna ko ta fara tahiya, haƙora nawa, sannan ki ce mata wance na kira ne in yi miki godiyar da ban yi ba ranar da za mu taho, kin ɗauke mu wata bakwai kina jego, na san adashenki ya tahi a kanmu, ki yahe muna nauyin da muka yi miki. Daga nan ki yi shiru ki bar ta. In ta yi kuka ki bar ta ta yi. In ta fara ba ki haƙuri kan kalmar fara, ki gaya mata gaskiya cewa ta yi miki ciwo ƙwarai, ba sai kin ɓoye ba, amma kin yahe. In kuma ta amsa a daƙile ta kashe, kar ki ce kin ga ni na yi nawa, mace da aka kunna kukanta gaban dangin miji ba ta sakin jiki rana ɗaya.

Marin yaron ban raina shi ba, ba daidai ta yi ba, yaro ɗan shekara shida bai san kuɗin gwangwanin madara ba. Amma kar ki sa shi cikin wannan kiran. In kun shirya wata rana kuna hira za ki iya ce mata ranar nan fa na ji zahi, ina jin ita za ta riga ki tada maganar.

Layya saura 'yan kwanaki. Ki samu Inna cikin satin nan kafin dangi su taru gidanta ranar salla a sake tada zancen, kuma in za ki kai ma tela ɗinkin yaranki ki yanki yadi ɗaya ki ce a ɗinka 'yar riga ta yarinya mai shekara ɗaya da rabi, a ɗan sake ta dan ba ki san girmanta yanzu ba. Ki ba Inna ta riƙe ta a hannu ta sa mata albarka kafin a sa cikin kayan. Ki rubuto min bayan salla in ji yadda kuka yi.